Mutumin Zaure

Bana aka rushe zauren gidanmu. Jikokin ƙanena ne suka ga tsohuwar ƙasa ce kawai take zaune ba ta kawo musu komai, gara a zuba siminti a yi butik, wato kanti. Ban hana ba, ba a kuma tambaye ni ba. Na dai sa aka kai ni, na zauna a inuwar katangar maƙwabta ina kallo, don abin da ya rene ka bai kamata ya faɗi ba ka wurin ba. Da rana ta take, maginan suka ajiye aiki suka zo kusa da ni suka ɗora shayi. Ba su san ni ba. Babbansu, wani mai tumbi da ban ga ya ɗaga tubali ko ɗaya ba tun safe, ya nuna inda zauren yake da haɓarsa, ya ce wa sauran, "Kun san a nan wani mutum ya ɓace zamanin da? Zinariya ya tsinta, ya ɓoye wa danginsa, ya tsallaka Libiya. Jikokinsa suna can da manyan gidaje."

Wani ya ce shi ba haka ya ji ba, aljana ce ta aure shi.

Na ce, "Ɗana, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ai kowa ya sani."

Na ce, "To, ya sunansa?"

Ya dubi abokinsa, abokinsa ya dubi butar shayi. Mutumin da suke zance yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ba ƴar lakwal ba ce, ban yi boko ba, sai da na yi jikoki na shiga yaƙi da jahilci, har yau hannuna a hankali yake tafiya. Amma tun da na ga mai tumbi ma yana da nasa labarin, na ce bari in ajiye nawa kafin a kai ni inda aka kai sauran.

Agadas ɗin da nake faɗi ba wannan ba ne mai ƙarar moto da kamyo, manyan motocin kaya, tun kafin gari ya waye. A lokacin kunnenka ne ke gaya maka inda rana take. Ladan ya yi kira da maƙogwaronsa, babu na'ura, amma har bakin kori, kwarin da ruwa ke bi a bayan gari, ana jin sa. Bayansa sai turame, gida ya amsa wa gida, in kin saba kina iya gane wadda ke daka da fushi da wadda ta kwana lafiya. Raƙuma suna gurnani a kasuwa ana sauke musu kantun gishiri, maƙera suna ƙwanƙwasa azurfa a hankali kamar masu tsoron tada barci. Gidanmu gidan dukanci ne. Warin jima da bagaruwa ya kama tufafinmu har ba mu jin sa sai baƙo ya toshe hanci. Baba yana zaune a zaure da fatu ja da kore, yana yanka takalma masu faɗi irin waɗanda ba su nutsewa cikin rairayi. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa an ɗaga tamu ba, maza suna ta cewa an samu kai. Mu mata dai ba mu ga abin da ya sauya a bakin murhu ba: ruwa sai an ɗauko, hatsi sai an surfa.

Yaya shi ne ɗan fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, don jikata tana ɗaukar salula ta kira ɗanta na fari da sunansa, ta ce ina kake, me ka ci, a gaban surukarta, ba wanda zai ɗaga kai. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace. Tun da aka yaye Yaya, Kaka, uwar Baba, ta ɗauke shi. In ya shigo tsakar gida gaida Inna, sai ta amsa tana kallon tukunya. Da ya girma ya koma kwana a ɗakin da ke jikin zaure, sai ta riƙa ce masa "mutumin zaure". Baba ma haka, suna aiki a tabarma ɗaya, amma in zai ba shi fata sai ya ajiye a gefensa ya yi gyaran murya. Wanda duk ya ce Inna ba ta son sa bai taɓa ganin tana kwashe tuwo ba. Malmalar farko tasa ce, man shanun da take ce mana ya ƙare a ƙarƙashin tuwonsa yake fitowa, sannan ta rufe akushin da faifai ta tura mini da ƙafa, ta ce, "Kai wa mutumin zaure, kada ƙuda su riga shi."

Kaka ce bakinsu duka. Ita ke zagin sa, ita ke tambayar inda ya kwana, ita ke tsayawa a ƙofa da magariba ta ƙwala masa kira har unguwa ta ji. Ta rasu da sanyi, kafin daminar da abin ya faru. An yi kuka, an yi sadaka, amma ba wanda ya lura cewa ranar an binne mutum ɗaya tak a gidan da ke da izinin cewa ina yaron nan.

Ni a lokacin na dawo gida goyon ciki na fari, na yi nauyi, ba na iya barcin safe. Ina zaune a bakin ɗaki ina tsince hatsi bayan asuba, sai ya leƙo ta labulen tabarma, rawaninsa a naɗe kamar mai nisa. Ya ce, "Uwar tulu, ba ki fashe ba har yanzu?" Na ce sai na ga ranar da za a samu makauniyar da za ta yarda ta aure shi. Ya yi dariya, ya ce, "Ina zuwa." Na ji takunsa ya bi lungu ya yi yamma. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma duk Agadas ba wanda ya san fiye da haka, ko da yake za ku ji sun fi ni zance.

Da rana akushin ya dawo yadda aka kai shi. Inna ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ba abin mamaki ba ne, samari suna ci a gidajen abokansu. Da yamma ya sake dawowa. Washegari ta dama fura da cuku da dabino irin wadda yake so, ta aika, ta dawo ko ludayin ba a taɓa ba. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu a tsakar gida, inda ta san Baba na jin ta daga zaure, ta ce wa kaji, "Hatsin gidan nan ya fara yawa ke nan, tun da ana maido shi." Na ji wuƙar Baba ta tsaya a kan fata, sannan ta ci gaba. Shi yana jira ta fito ta faɗa, ita tana jira ya tashi, su biyu kuma suna jiran wani daga waje ya zo ya ɗauke musu nauyin.

Da na ga haka na je na durƙusa a bakin zaure na ce, "Baba, Yaya bai kwana gida ba." Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Namiji ne. Ki gaya wa Baffanki." Baffa wan Baba ne, shi ne babba a dangi, kuma bisa al'ada shi ya kamata ya tsaya kan maganar ɗan ƙanensa. Dillali ne a kasuwar dabbobi, amma aikin da na fi sanin sa da shi shi ne zama a gindin katanga yana bin inuwa, in ta matsa ya matsa. Na ja cikina na same shi a can cikin abokansa.

"Ke da wannan kaya a gaba, me ya fito da ke? Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baffa. Yaya ne ba a gan shi ba tun jiya."

"To ba kowa ya koma ya kwanta. Yana Ingal. Wane saurayi mai jini a jika zai zauna Agadas yanzu, ga makiyaya sun cika Ingal da dabbobi, ga ƴan mata, ga masu neman takalma?"

"Takalman sayarwar suna nan a rataye, Baffa."

"Sayen fatu ya je ke nan. Ni na san yaran nan kamar yunwar cikina."

Abokansa suka yi dariya, ɗaya ya ce shi ma yana saurayi sai da aka neme shi wata guda. Baffa ya miƙa hannu aka zuba masa shayi. Na koma na gaya wa Inna an ce yana Ingal. Ta ce, "An ce," ta ci gaba da tankaɗe.

Kwanakin da suka biyo baya, kullum da la'asar sai ta hau soro wai za ta kwashe kuɓewar da ta shanya. Kuɓewar ta bushe tuntuni. Gabas take kallo, inda hadari ke taruwa a kan duwatsu. Ta san abin da kowace ƴar Agadas ta sani: muddin ruwa bai sauka ba, ƙasa tana riƙe da sawun mutum, kuma akwai masu karanta ta. Amma mace ta buɗe baki ta ce a nemo mini ɗan farina? Matan unguwa suna shigowa ɗiban wuta suna yaba ta. Wata maƙwabciyarmu, wadda in akuyarta ta makara sai ta tada unguwa, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki koyi hali wurin uwarki. Kin ga mace? Ko gezau ba ta yi ba." Ni kuwa na ga Inna tana ta juya muciya a tuwon da ya riga ya tuƙu. Har yau in na ji ana yaba wa mace kawaici, sai in duba in ga me ake so ta haɗiye don kada ta dami masu shan shayi.

Sai ruwa ya zo. Ya sauka a duwatsu, korin Telwa ya kawo, yara suka bi lungu suna ihu, gari ya fita kallon ruwa kamar yadda aka saba, mata da guɗa, tsofaffi suna wanke fuska suna godiya. Inna ba ta fita ba. Ta zauna a bakin murhu ba wuta, tana jin indararo na zuba.

Da waɗanda suka je Ingal suka fara dawowa, kowa aka tambaya sai ya ce bai gan shi ba. A nan ne Baffa ya tashi da ƙarfinsa, ya naɗa babban rawani, ya aika aka kira wani tsohon Ba'abzine, Buzun duwatsun nan, mai bin sawu wanda ke sayen takalma wurin Baba. Mutumin ya zo ya tsuguna a bakin zaure, ya bi lungun har bayan gari, ya dawo yana karkaɗe hannu. Ya ce, "Ruwa ya wanke allon. Na san takun yaron nan, yana jan ƙafar hagu kaɗan. Da kun zo mini washegari, da na gaya muku har inda ya tsaya ya gyara rawani. Me kuke jira?" Baffa ya ce komai nufin Allah ne. Haka ne, ban musa ba. Amma na lura masu saurin faɗin haka galibi su ne waɗanda ba su tashi daga tabarma ba.

Aka ce a kai magana wurin hukuma, Baffa ya tafi. Shekarun nan ana farautar ƴan wata jam'iyya da aka haramta, ana cewa samari na sulalewa su ƙetare iyaka su koyo riƙon bindiga. Da mai kakin da ke biro, ofishin hukuma, ya tambaye shi ko yaron yana hulɗa da waɗannan mutane, sai Baffa ya ja da baya. Ya ce a'a, ya ma tuna yanzu, fatauci yaron ya tafi, a yi haƙuri da damun da ya yi. Ya dawo gida ya tara mu ya ce, "Kowa ya ja bakinsa. Baki shi ke yanka wuya. In ba so kuke a kwashe mu duka ba."

Washegari Inna ta ɗauko zanen da take zuwa biki da shi, ta lulluɓa, ta ce mini, "Tashi ki raka ni." Ban taɓa ganin ta fita ba da sanin Baba ba sai ranar. Muka je biron, muka zauna a ƙasa har aka kira mu. Mai kakin yaro ne, bai girmi Yaya ba, ya ɗauki alƙalami, yana magana yana surkawa da Faransanci.

"Bon. Wa ya ɓace?"

Inna ta ce, "Yayan wannan ne."

"Na ji. Sunansa?"

"Na gidan badukai. Dogo ne, yana da tabo a nan."

"Inna, ni ma uwa ta haife ni, na san kunya. Amma takarda ba ta san ta ba. Ba zan rubuta yayan wannan in aika Yamai ba. Sunansa."

Na ga leɓɓanta sun motsa a ƙarƙashin lulluɓi. Na ji ta ja numfashi. Ba abin da ya fito. Sai ni na faɗa. Ya rubuta, ya ce za a duba, ya kira na gaba. Bai tashi daga kujerarsa ba, ba a kuma ɗaura wa raƙumi ko ɗaya sirdi ba. A hanya, mun kusa gida, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, "Na ɗora shi a kan harshe, sai ya zama dutse."

Ba a jima ba na haihu, namiji. Na roƙi maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauƙi, ya bari a raɗa wa yaron sunan kawunsa. Tun kafin a gama rabon goro mata suka fara neman laƙabin da za a ɓoye sunan a bayansa, don ni ɗan farina ne, Inna kuma sunan nata ɗan farin ne. Suka ce Mai Suna. Na bar su da Mai Sunansu. Ni tun ranar da na gama wankan jego da sunansa na yanka nake kiran sa, a ɗaki da waje. Aka ce ba ni da kunya, aka ce ba a haifi irina a zuri'ar ba. Na ga abin da kunya ta saya mana, ban ga dalilin in sake zuwa wannan kasuwa ba. Inna ba ta taɓa tsawata mini ba. In na kira yaron sai ta sunkuyar da kai, amma ba ta tashi daga wurin.

Daga nan aka buɗe kasuwar an ce. Mutanen da ba su taka ko bayan gari neman sa ba, kowa ya wayi gari da sanin inda yake. Wanzamin unguwa ya ce aljanun kufai ne suka ɗauke shi, don wai an taɓa ganin sa yana yin fito da baki da tsakar rana. Yana aski yana ba da labarin, kowane kai ya aske sai labarin ya ƙara tsawo, har aljanar ta samu suna da ƴaƴa. Wani mai duba ya zo ya share ƙasa a tsakar gidanmu ya zana ɗige-ɗigensa, ya ce yana raye, yana gabas kusa da ruwa mai ɗaci, a kawo baƙar akuya. Ya ci akuyar. Da ya dawo bayan salla sai ƙasar ta ce yamma, kuma farin rago take so. Wani mai tuƙa kamyo ya rantse ya gan shi a kasuwar Tamanrasat. Na ce kun yi magana? Ya ce a'a, ƙeyarsa ya gani, amma ƙeyar tasa ce, ba shakka. Wani alhaji ya gan shi a Makka cikin waɗanda suka je da ƙafa suka ƙi dawowa, sai dai cunkoso ya raba su. Duk wanda ya kawo irin wannan sai Inna ta dama masa fura, ta zauna a bayan labule tana saurare, daren nan kuma ba za ta ci abinci ba. Su sun sha fura sun samu abin hira, ita ce ke kwana da shi.

Na Baffa ya fi ba ni haushi. Shi da ya ce kowa ya ja bakinsa, da aka yi juyi gwamnatin nan ta faɗi, zancen ƴan jam'iyyar ya daina zama abin tsoro ya zama abin alfahari, sai ga shi a gindin katanga yana cewa, "Ai ɗanmu yana cikin waɗanda suka tafi. Ni ya fara gaya wa, na rufa masa asiri." Ina tsaye da tulu na ji shi da kunnena. Bayan rasuwar Baffa ma ba a fasa ba. Da aka fara haƙar gawayi a Anu Araren, an gan shi can. Da samari suka fara kwarara Libiya, ashe shi ya buɗe musu hanya. Yanzu da zinariya ta fito, ga shi ya tsinci zinariya tun kafin a san da ita. Duk abin da garin ke kwaɗayi ko yake tsoro a shekarar, sai a rataya wa Yaya. Ya fi kowa yawo a cikin mutanen Agadas, kuma ba wanda ya taɓa ba shi ruwa.

Ni tambayoyina ƙanana ne, ba su isa a zuba musu shayi ba. Jakar basillarsa ta ɗinkin fata, wadda ko masallaci da ita yake zuwa, tana rataye a ƙusa. Me ya sa ya bar ta? Tsohon bargon Kaka kuma ba a gan shi ba, alhali damina ce, ana zafi. Abokinsa da suke ci tare ya bar garin a shekarar da ta biyo baya, kuma kafin ya tafi in ya hango Inna sai ya sauya lungu. Kunya ce, ko wani abu ya sani? Ban ɗora masa komai ba, ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne takalman Inna. Maɗaurin ɗaya ya tsinke tun bara, tana ja haka nan, ba ta gaya wa kowa ba. Safiyar da ya tafi ta same su a bakin ɗakinta an ɗinke, an shafa musu mai. Sallama ce irin ta wanda ba a ba shi bakin yin sallama ba? Ko kuwa baduku ne kawai ya ga takalmi ya tsinke? Wani lokaci ina cewa, mutumin da ya yi wata da watanni a gidan ubansa, tun mutuwar Kaka, bai ji an kira sunansa da magariba ba, ko zai iya naɗa rawani ya tafi inda za a kira shi? Sai in ce kin ga, ke ma kin fara zama Baffa. In bari.

Bari in koma baya. Da ƴan shekaru suka wuce da ɓatansa, yarona ya fara gudu a lungu, Baffa ya ce zancen ya isa. Ba a san shi a raye ba, ba a san shi a mace ba, kuma yana so a buɗe ɗakin zaure a sa wa ɗansa mai shirin aure. Ya ce a yi sadakar mamaci a rufe magana. Baba ya ce yadda wansa ya gani. Ba a tambayi Inna ba, don ana ganin ba ta da ta cewa kan ɗan fari, kuma ai kowa ya shaida ba ta taɓa damuwa ba. Aka sa rana. Mata suka zo suka daka gumba a tsakar gidanmu, ita tana zaune tana kallon su. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka zauna, wanzami yana nan, mai kamyo yana nan, duk masu ganin ƙeya sun hallara. Liman ya ɗaga hannu zai fara.

Sai Inna ta tashi. Ta sa takalman nan. Ta ratsa zaure, wurin da ban taɓa ganin ta taka ba in akwai maza, ta tsaya a kan dokin ƙofa, inda Kaka ke tsayawa. Ta juya yamma, ta sa hannu a gefen baki. Muryar da ta fito ba ta da daɗi, ta dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Attahiru!"

Maza suka sunkuyar da kai kamar an tuɓe a gabansu. Ta sake kira, wannan karon har bakin lungu ya amsa. Yarona ya taho da gudu daga wurin wasa, ya kama zanenta, ya ce, "Ga ni, Kaka." Ta ɗora hannu a kansa, ba ta dube shi ba, ta ci gaba da kira.

Baffa ya ce, "Ku shigar da ita. Ke ba ki jin kunya?"

Ta juyo ta dube shi, a hankali ta ce, "Na ji, Baffan yara. Na ji har ta ishe ni. Kai ne ka ce yana Ingal."

Liman dattijo ne mai hankali. Ya sauke hannunsa, ya lalubi takalmansa, ya ce, "Ni ba na yi wa mutum sadakar mamaci uwarsa na kiran sa. A raba gumbar don Allah ya bayyana shi." Aka naɗe tabarmi. Kafin a yi sallar isha'i gari ya samu sabon an ce: wai matar baduku ta taɓu. Maƙwabciyar nan mai akuya ce ta fara kai shi gidaje.

Ba ta taɓu ba. Tana daka, tana saƙa tabarma, tana lissafin jikokinta ba kuskure. Sai dai tun daga ranar, kullum in rana ta faɗi, ta fita ta tsaya a kan dokin ƙofar ta kira shi, ta ɗan saurara, ta dawo ta zuba tuwo a akushi. Ɗakin zaure bai buɗe wa ɗan Baffa ba. Wata magariba na ga Baba, wanda bai taɓa cewa uffan ba, ya ajiye basilla ya zo ya tsaya a bayanta, yana kallon lungun tare da ita. Haka suka yi har ƙafarta ta gaza, aka riƙa ɗauko ta ana zaunar da ita a wurin. Bai amsa ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya amsa ba, masu wannan sana'a sun yi yawa.

Maginan sun gama shayinsu suka tashi. Mai tumbi ya sa wani yaro ya kawo ƙarfe zai ɓanɓare dokin ƙofar, wani baƙin dutse ne da tsakiyarsa ta lotsa. Na ce ya bar shi, a yi butik ɗin a bayansa. Ya ce, "Hajiya, dutse ne fa kawai." Na ce na sani, ya dai bar shi. Sannan na ce ya matso, don ba na iya ɗaga murya. Ya sunkuyo. Na ce, "In za ka sake ba da labarin nan, ka ba shi zinariyarsa, ka ba shi aljanarsa, ban hana ka ba. Amma ka fara da sunansa. Attahiru. Faɗi in ji."

Ya faɗa, yana dariyar jin nauyi. Na ce ya ƙara, da ƙarfi, ya juya yamma.